Gwaggon da Ta Ƙi Riƙon 'Ya'yanmu

Maƙwabciyarmu ce ta fara gani. Ranar Alhamis ce, da hantsi. Tana tsaye bayan danga tana ba Gwaggo labarin akuyarta da ta shiga waken mutane, Gwaggo kuwa tana zaune gindin tsamiya ta miƙe ƙafa, dutsen gurza a gabanta, tana fitar da angurya daga auduga kamar kullum. Maƙwabciyar ta kai ƙarshen labari, ta tsaya jiran faɗa, domin Gwaggo ba ta taɓa jin zance ta bar shi ya wuce haka nan ba. Ta ji shiru. Ta leƙo ta ce, "Gwaggo, yau kuma fushi ake yi da ni?" Sai ta ga kai ya jingina da icen, hannu yana bisa ƙarfen gurza, ido rabi a buɗe.

Ni ina bakin turmi lokacin. Da safen nan ni na dama mata kunu, ta shanye, ta ce tsamiya ta yi kaɗan, wai shekara goma sha shida ina gidanta ban koyi damu ba. Ko ciwon kai ba ta ce tana yi ba. Da na ji ihun maƙwabciya na zaci maciji ne, na fito da taɓarya a hannu.

Aka aika gona aka kira maigidana. Ya shigo da lauje a hannunsa, ya tsaya a kanta ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo gare mu ya ce, "Ku bar wannan kuka, za ku tashe ta." Sai da liman ya zo ya dafa kafaɗarsa, ya tuna masa cewa daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, sannan laujen ya faɗi daga hannunsa. Kafin azahar an kai ta.

Washegari mata suka fara isowa, wasu daga unguwannin Maska, wasu daga ƙauyukan bayan ganuwa, wasu tun daga Tsiga a ƙafa. Wata ta shigo ko sallama babu, ta wuce mu kai tsaye ta ɗaga asabarin ɗakin Gwaggo, ta duba ciki, ta fito tana cewa, "A'a, a'a. To wa zai yi mini faɗa?" Wata kuma ta zauna ta yi ta dariya, tana cewa tsohuwar nan ta fi ƙarfin ta mutu a zaune, sai dai a tsaye tana zagin wani, har dariyar ta juye mata kuka. 'Yata ta fari, wadda yanzu take da nata goyon, ba ta zubar da hawaye ba sai bayan kwana biyu.

Ina faɗin wannan ne ƙanena yana rubutawa, don na ga yadda ake manta tsofaffi. Bayan arba'in sai a ce Allah Ya jiƙanta, ta yi kirki, shi ke nan. Gwaggo ba ta da kirki irin wanda ake nufi in an faɗi haka. Gajera ce, mai kaifin harshe, in tana faɗa ana jinta har bakin kasuwa. Yayar mahaifin maigidana ce, mu kuma ba don son ziyara muka zo gidanta ba.

Da kaka ne, ana yankan dawa, mahara suka faɗa wa ƙauyenmu, wani ɗan ƙauye kusa da Tsiga wanda yanzu ko kufansa ba a ganewa. Zamanin nan ne da mahaya suke gangarowa daga arewa su ƙone rumbuna, su kora shanu, su kama duk wanda suka cim ma. Da rana tsaka suka zo. Maigida yana gona mai nisa. Ina goye da jariri ɗan wata huɗu, ina riƙe da hannun 'yata ta fari, mai shekara biyar. Muka ruga cikin taron mata muka nufi rafi. Ruwa bai ja baya ba tukuna, ni ya kai mini ƙugu, ita kuwa har wuya. Muna tsakiyar ruwa zanen goyo ya kwance, na ji jaririn yana zamewa ta bayana. Na saki hannunta na tare shi da hannu biyu. Na baya suka turo ni, ban tsaya ba sai a ɗaya gaɓar. Da na juyo babu ita.

Kwana biyu muka yi a hanya kafin mu shiga ganuwar Maska. A ƙofar gari na haɗu da maigida. Ya dubi bayana, ya dubi hannuna, bai tambaye ni kome ba. Shi ya kawo mu gidan Gwaggo, muka tarar da wasu sun riga mu, yawanci irinmu, ma'aurata masu ƙuruciya da ƙananan yara, ba uwa ba uba a kusa. Ta ba kowa kusurwa. Abin da na fara lura da shi, ba ta gaida babba sai ta gama da yaron da ke hannunsa. Za ta durƙusa, tsohuwa da ita, ta duba ido, ta duba tafin ƙafa ko ƙaya ta shiga, sannan ta ɗago ta ce wa uwar sannu da hanya.

A rana ta huɗu wani makiyayi ya shigo gari da yarinya a wuyansa. Ya tsince ta can ƙasan rafi, ta maƙale cikin ciyawa, ya ba ta nono, ya yi ta bi gari gari yana tambaya. 'Yata ce. Na fito da gudu, na faɗi a gabanta, na miƙa hannu. Yarinyar ta dube ni, ta mayar da hannayenta biyu baya, ta haɗe su.

Haka muka yi wata guda. Ba ta magana da kowa. In na matso sai ta ɓoye hannu ta koma bayan rumbu. Abinci kuwa sai daga hannun Gwaggo take karɓa. Ni ma, in faɗi gaskiya, na daina matsowa. Ba na iya haɗa ido da ita. Sai muka yi shawara da maigida, muka ga ai abin da aka saba ne, 'yar fari a bar wa kaka. Muka je muka durƙusa gaban Gwaggo tana kaɗi. Maigida ya ce, "Gwaggo, mun ga yarinyar nan ta saba da ke. Mun bar miki ita, duniya da lahira."

Ba ta tsayar da mazari ba. Ta ce, "Kai tashi ka ba mu wuri." Da ya fita ta ajiye mazarin, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, da kika sake ta a ruwa ban ga laifinki ba. Kowace uwa abin da za ta yi ke nan. Yanzu kuma a tudu za ki sake ta, da hankalinki, ki ce ni in zama shaida?"

Na ce, "Gwaggo, ba ta so na. Ga kuma kunya, 'yar fari ce."

Ta ce, "Kunya! Wadda ke zaune a garinsu, uwarta nan, kakarta nan, ƙannen uwa nan, ita ke da sukunin kunyar 'yar fari, don akwai masu ɗauka. Ke wa ya rage miki? Ita wa ya rage mata? Daga yau ba na ƙara ba ta ko loma. In za ta ci, daga hannunki."

Na zaci barazana ce. Da aka sauke tuwo yarinyar ta je ta tsaya gaban Gwaggo kamar yadda ta saba. Gwaggo ta juya mata baya. Yarinyar ta yini ba ta ci kome ba, tana tsaye, ba kuka ba magana. Ranar na tsani tsohuwar nan. Na ce mata a gaban mutane ba ta da imani, abin da ban taɓa zaton bakina zai faɗa wa suruka ba. Ta ce, "Na ji. Je ki zuba mata." Washegari na ajiye ƙwarya a ƙasa, na ja da baya taku goma, na juya fuska. Can na ji ƙarar ludayi. Bayan kwanaki ya zama taku biyar. Ni da Gwaggo kuwa mun fi sati uku ba ma magana sai gaisuwa.

Tana da wata magana da take yawan faɗa mana: "Ku zauna ƙasa. Kuna tsaye a kan yaro kamar mahayi, kuna so ya saurare ku?" Yaran gidan nan duk sun ga doki a kansu, ko inuwar mutum ta faɗo musu sai su firgita. Saboda haka ta hana a yi wa yaro magana a tsaye. Har maza ta sa su. Mazan kuwa abin tausayi ne a lokacin. Manoma ne da ba su da gona, suna yini a zaure ba mai ce wa wani uffan, in yaro ya gifta a daka masa tsawa. Sai Gwaggo ta ɗauko jariri ta shiga zauren ta ɗora wa ubansa a cinya ta ce, "Riƙe mini, yanzu zan dawo." Ba za ta dawo ba sai la'asar. Da fari suna jin nauyi, suna riƙe yaro nesa da jiki kamar garwashi. Ba a yi wata biyu ba na leƙa na ga maigidana yana sassaƙa wa 'yarmu 'yartsana da karan dawa, ita kuma tana tsugune a gefensa tana miƙa masa tsinke. Ita Gwaggo ce ta bi masu gonaki ɗaya bayan ɗaya har aka ara musu wurin noma, ta kuma ce duk wanda zai tafi gona ya tafi da ɗansa, ko kallo ne ya yi.

Da bazara ta yi, hatsi ya ja baya a gari, mai unguwa ya zo da wasu dattawa. Da kyakkyawar niyya suka zo. Suka ce baƙin sun yi wa gida ɗaya yawa, a raba yaran a gidajen masu hali, iyayen su nemi na kansu, in abu ya lafa kowa ya karɓi nasa. Wasu daga cikinmu har sun fara yarda, don yunwa ba wasa ba. Gwaggo ta fito ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Ranka ya daɗe, wanda zai ɗauki yaro ya ɗauka da uwarsa. In ba zai iya ciyar da biyu ba, ya aiko da abin da zai ba ɗayan, mu raba a nan." Mai unguwa ya ce, "Baba, rumbunki ba zai kai ku kaka ba." Ta ce, "Na sani. Ni na zuba shi." Gida biyu suka ɗauki uwa da ɗa. Sauran muka zauna, muka ci tafasa, muka ci rama, muka sha garin ɗorawa.

Ba zan ɓoye abin da ya biyo baya ba, don ita ma ba ta ɓoye shi ba. A tsakiyar damina ɗan wata daga cikinmu ya rasu, yaro ɗan shekara uku, ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura. Uwar ta tsaya a tsakar gida ta nuna Gwaggo da yatsa ta ce, "Da kin bari an kai shi gidan da ake ci a ƙoshi, da yana nan. Ke kika kashe mini shi." Muka tsaya cak, muna jiran abin da harshen nan zai fitar. Sai Gwaggo ta juya ta nufi randa. Ita ta ɗebo ruwan wankansa. Kwana uku ba a ji muryarta ba. Matar ta tattara kayanta ta bar gidan, ba ta ƙara takowa ba, ko ta'aziyyar nan ba ta zo ba. Shekaru bayan haka na tambayi Gwaggo ko ta yi nadama. Ta ce, "Wataƙila gaskiyarta. Kullum sai na tuna shi."

Kitso shi ne dabararta ta ƙarshe a kaina. Wata rana ta ce yatsunta sun ƙage, ba za ta iya yi wa yarinya kitso ba, alhali ga ta tana murza mazari da yatsun nan. Ta kamo yarinyar ta zaunar da ita tsakanin ƙafafuna. Jikinta ya sandare kamar ice. Na tsefe, na shafa man kaɗe, na kitsa. Kowace Juma'a haka. Tun kafin nan Gwaggo ta ja ni gefe ta ce, "Wata rana za ta tambaye ki. Kada ki ce mata ruwa ne ya fizge ta. Tana wurin, ta san hannun da ya buɗe."

Wata bakwai bayan dawowarta, ina tsakiyar kitso, na ji wata 'yar murya a dishe, har na waiga ina neman mai maganar.

"Inna, da kika juyo, kin gan ni?"

Tsinken kitso ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Ban gan ki ba."

Ta ce, "Ni na gan ki."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙarya ta zo mini har bakin harshe, na haɗiye ta. Na ce, "Ni na sake ki. Ƙanenki zai faɗa ruwa, na sake ki na kama shi. Da na haye na yi ta kiranki har muryata ta tafi."

Ta ce, "Na ji."

"To me ya sa ba ki amsa ba?"

"Ruwa ya shiga bakina."

Can sai ta kwantar da kanta a gwiwata, nauyinta duka. Ban san sa'ad da Gwaggo ta daina kaɗi ba. Daga bayanmu ta ce, muryarta ba yadda na saba ji ba, "A ƙarasa kitson nan, kada ta fita da rabin kai."

Da ƙasa ta lafa wasu suka koma, wasu suka kafa sabbin gidaje a bayan gari. Mu muka zauna da ita. Na zaci a shekara goma sha shida babu abin da ban sani ba game da tsohuwar nan.

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha maza sun fara watsewa, wani dattijo ya ƙi tashi daga zaure. Ba wanda ya san shi. Farin gemu, zai yi shekara sittin ko fiye, ƙafarsa duk ƙura. Ya ce shi masaƙi ne daga wajen Zariya, fatake suka kai masa labari, kwana biyu yana tafe. Ya roƙi maigida ya bar shi ya yi wa matan gida gaisuwa. Aka shigo da shi ya tsaya a ƙofar zaure ta ciki, mu muna zaune a kan tabarmi. Ya yi gaisuwa, muka amsa. Sannan ya ce, "Ni ta haifa."

Maigida ya ce, "Baba, ko dai gida ka ɓata?"

Ya faɗi sunan mahaifinta, ya faɗi garin da aka haife ta, ya faɗi sunan mijinta na fari, wanda ko maigida sau ɗaya ya taɓa jin an ambata. Muka dubi juna. Ba wanda ya taɓa jin Gwaggo ta haihu. Mahaifin maigida, ƙanenta, yana ƙarami sa'ad da abin ya faru, ya kuma rasu bai faɗa wa kowa ba.

Dattijon ya zauna a ƙasa ya ba mu labari a hankali, yana kallon tafin hannunsa. A babban yaƙin nan na zamanin kakanninmu aka kashe mijinta, ta gudu kudu da shi yana ɗan shekara biyu. Yunwa ta ci ƙarfinsu. Ta samu wani gida mai abinci ta bar shi, ta ce sai abu ya lafa. Abu bai lafa mata ba sai bayan shekara tara. "Da ta dawo," in ji shi, "aka ce mini ga uwarka. Na ruga na ɓuya bayan wadda ta rene ni, na ce ban san ta ba. Ta kwana biyu tana lallashina. Ta kawo mini 'yar riga, na jefar a gabanta. A rana ta uku ta tafi. Mutanen gidan sun riƙe ni da kyau, ban rasa kome ba. Da na girma na taɓa zuwa kasuwar nan, aka nuna mini ita daga nesa. Na tsaya har ta saya ta wuce. Na kasa sanin da wane suna zan kira ta. Kowace shekara ina cewa baɗi."

Ba wadda ta motsa a cikinmu. Maigida ya kama hannunsa da hannu biyu yana cewa, "Yaya, yaya." Ya yi masa maganar gida da abin da ta bari, dattijon ya girgiza kai ya ce ba wannan ya kawo shi ba, a dai nuna masa kabari. Har ya miƙe, sai ya juyo ya ce, "Abu ɗaya zan tambaya. In za ta kira yaro cin abinci, yaya take cewa?"

Sai 'yata ta fari ta gyara goyonta, ta ɗaga murya, ta kwaikwayi Gwaggo har da dishewar da ke ƙarshen maganarta:

"Kai ɗan nan! Zo nan ka ci, kafin in ci maka!"

Dattijon ya dafa bango. Ya ce, "Sake faɗa, 'yata."

Ta sake. Ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska, ya ce, "Na'am." Sannan ya bi maigida suka fita.

Allah Ka ji wannan amsa, Ka isar mata da ita inda take kwance. Ka yalwata mata makwanci, Ka yafe mata abin da ta yi kuskure da abin da yunwa ta sa ta, Ka ba mu haƙurin rashinta, mu da 'ya'yanmu da ta ƙi karɓa. Amin.